Ranar da Senhor Abílio Ya Sauko Ƙasa

"Ki daina jan hannuna, maƙwabciya, ba buhun dankali kike saukewa ba," in ji Senhor Abílio.

"Buhun dankali ai ba ya surutu," in ji Dona Idalina. "Taka a hankali. Saura goma sha ɗaya."

Suna tsakiyar matakalar bene, shi ya riƙe ƙarfen gefe da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana kan kafaɗarta. Shekarunsa tamanin da uku, nata saba'in da shida, ita kanta gwiwarta ba ta da kirki. Ya saka farar rigarsa ta zuwa coci, ya taje ɗan gashin da ya rage masa.

Shekara biyu rabon Senhor Abílio da sauka ƙasa. Mutanen layi suna cewa ciwon ƙafa ne, amma Idalina, wadda ƙofarta ke kallon tasa shekara arba'in ke nan, ta san akwai fushi a ciki. A ƙasan gidan nan shagonsa yake, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana zanen tayil mai shuɗi da fari. Da Lisbon ta shiga shekarun ƙunci, aiki ya ɗauke, shaguna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, gidajen unguwar Graça suka koma kango, sai tantabaru. Ya kulle nasa. 'Yarsa ɗaya tilo, Leonor, ta tafi Luxembourg aikin girki, ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta leƙo gida sai Kirsimeti.

Sai gari ya farfaɗo. Aka fara fente gidaje, baƙi suka cika tituna, tsohuwar ma'ajiyar kaya ta kan kwana ta zama gidan wasan kwaikwayo. Leonor ta dawo da akwati biyu, ta ce za ta buɗe gidan abinci a shagon. Ya ba ta mabuɗi, amma ranar da ya ji ana fasa tandar da yake gasa tayil, ya rantse ƙafarsa ba za ta taka wurin ba. Kullum tana hawo masa da abinci, yana ci, yana tambayar lafiyarta, amma bai taɓa tambayar shago ba.

Ranar Alhamis likita ta zo, ta saurari ƙirjinsa, ta ja Leonor da Idalina bakin ƙofa ta ce zuciyar ta gaji, kwanaki ne suka rage masa. Shi kuwa kunnensa garau. Safiyar Lahadi ya ƙwanƙwasa wa Idalina ƙofa da sanda.

"Shago zan sauka. Kada ki gaya wa Leonor," ya ce. "In ta sani za ta yi shara ta musamman. So nake in kama ta yadda take."

Da suka iso bakin titi ya tsaya yana haki, yana kare ido daga rana. Taragon lantarki na cikin gari mai ruwan ɗorawa ya wuce maƙil da mutane yana kaɗa ƙararrawa. Gidan da ke fuskantarsu, wanda rufinsa ya rufta shekarun baya, ya sha fenti, an jera tukwanen furanni a tagoginsa. Wata mata mai ciki tana turo keken jariri.

"Wannan ba jikar Custódio mai aski ba ce?" ya tambaya.

"Ita ce. Daga Landan suka dawo bara."

"Ikon Allah. Na ɗauka layin nan sai dai a fitar da mu, ba za a ƙara shigo da kowa ba."

Leonor tana ɗauke da faranti uku lokacin da ta gan shi a ƙofar shagon. Ta tsaya cak. Idalina ta yi maza ta karɓi ɗaya.

"Baba?"

"Ana sayar wa tsofaffi abinci a nan, ko sai masu kyamara?"

Ta zaunar da shi kusa da taga. Shi kuwa idonsa ya riga ya faɗa kan bango. Daga ƙasa har sama tayil ne: jiragen ruwa, kifaye, tsuntsaye, wani da tsaga, wani shuɗinsa ya zurare. Ya daɗe yana kallo. Idalina ta zuba masa ido, don ta san halinsa.

"Waɗannan ai waɗanda na yar ne," ya ce. "Duk masu aibu ne. A ina kika samo su?"

"A kwali a bayan tanda. Ɗari huɗu da wani abu. Ni na wanke su da hannuna."

"Dubi wancan tsuntsun, ƙafarsa kamar ta akuya. Kin tona mini asiri a gaban duniya."

"Wannan tsuntsun shi aka fi ɗauka hoto, Baba."

Wani mutum a teburin gefe, wanda ashe shi ke gyaran tsohuwar makarantar da ke gangare, ya ji zancen ya taso. Ya ce wata shida yana neman wanda ya san yadda ake haɗa irin wannan shuɗin, na kamfani ba ya kama shi. Senhor Abílio ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya kawo takarda. Rabin sa'a yana faɗa, mutumin yana rubutawa, yana yi masa tsawa duk inda ya yi kuskure. Rabon Idalina da jin muryarsa da ƙarfi haka tun matarsa tana da rai.

Leonor ta kawo gasasshen kifin sadin a kan burodi, da dafaffen dankali da tattasai. Ya ci guda biyu da hannu, ya lashe yatsa.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," ya ce.

"Haka Mama take yi."

"Ita ma na faɗa mata shekara talatin, ba ta ji ba." Ya kama hannun 'yarsa, ya juya tafin yana duba tabon ƙuna a jiki. "Kin yi aiki, Leonor. Wurin ya fi haske yanzu. Ni a duhu na riƙe shi."

Ta juya da sauri ta shige kicin. Idalina ta bi ta, ta same ta tsaye gaban tukunya tana share ido da gefen hannu tana dariya.

Hawa ya gagare shi, sai maza biyu daga cikin masu cin abinci suka ɗauke shi a kan kujera, yana ta ba su umarni a kowace kwana.

Bai ƙara sauka ba. Ranar Laraba da la'asar Idalina tana zaune kusa da gadonsa tana ɓare wake a kwano. Ya ce ta buɗe taga, yana son jin hayaniya. Ƙarar cokula tana tasowa daga ƙasa, ga wasu 'yan gidan wasa suna gwajin kiɗa a kan kwana.

"Sun cika?" ya tambaya.

Ta leƙa. "Har da masu jira a waje."

"To madalla."

Ta ci gaba da ɓare wakenta tana ba shi labarin kyanwar Custódio da ta haihu a cikin injin wanki. Har ta kai ƙarshe ba ta ji ya tanka ba. Ta ɗago kai. Fuskarsa tana wajen taga, bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa a kwance kan bargo. Ta ajiye kwanon a hankali, ta shafa masa ido, ta yi masa addu'a, sannan ta sauka kiran Leonor.

An binne shi ranar Juma'a. Idalina ta yi zaton mutum goma ba za su cika ba, sai ga layin ya fito kaf, tsofaffi da sababbin zuwa, har da mutumin nan mai takarda.

Da ta dawo gida ta cire takalmi, ta buɗe tagar baya don ta sha iska. A igiyar da ke tsakanin tagarta da tasa, safarsa guda biyu suna nan a rataye, sun bushe tun tuni. Ta jawo igiyar ta cire su, da ɗumin rana a jikinsu. Ta naɗe su wuri ɗaya, ta zauna bakin gado da su a cinyarta.