Sufa a Kan Siminti

Uwais ya durƙusa ya shafa daɓen filin da tafin hannunsa. An shafe wurin da koren fenti, an ja masa fararen layuka tsaf, daga nesa ka rantse filin arziki ne. Amma ƙarƙashin fentin siminti ne mai kaushi, mai riƙe zafin rana har bayan la'asar, irin wanda shi ya girma a kansa a Tudun Wadan Kaduna.

A wannan filin unguwa na Wakrah, kusa da Doha, za a buga wasan da zai yanke makomar aikinsa. Ɗakin wasan kwalejinsu, mai daɓen katako da sanyin na'ura, an miƙa shi ga masu horar da 'yan sa-kai na gasar cin kofin duniya, kuma duk Doha a lokacin ba mai kunnen sauraron kukan 'yan ƙwallon kwando. Daraktan wasanni bai ɓoye masa komai ba: da an gama gasar za su naɗa cikakken koci, ga masu manyan takardu daga Turai da Amurka suna nema, amma zai zo da kansa ya ga yaran a wasa kafin ya yanke shawara. In aka ɗauki wani, Uwais zai koma kan sitiyari. Da albashin direba kuwa ba a barin mutum ya zauna da iyali a ƙasar, kuma iƙama, takardar izinin zaman matarsa Bilkisu da 'yarsu Jannat, a kan wannan muƙami take rataye.

A gida koci ne na gaske. Ya daɗe yana horar da ɗaliban wata kwalejin ilimi, a filin da kwandonsa ya karkace, ragarsa ta zama tarihi. Dokarsa ta farko ga kowane sabon ɗan wasa ita ce: in ƙwallo ta kuɓuce tana gangarawa, ka bi ta da ƙafa, kada ka yi mata sufa, wato ka jefa jikinka ƙasa a kanta. Ya san abin da yake faɗa. Sufa ɗaya ce a kan siminti ta farfasa masa ƙoƙon gwiwa, ta raba shi da wasa yana ganiyar ƙarfinsa.

Da albashi ya koma sai an ga dama, ya tattara ya zo Doha, ya zama direban motar 'yan wasan wata kwaleji mai zaman kanta. Kocinsu a lokacin wani jibgegen Bature ne da bai san wata kalma da ta wuce "Ƙasa!" ba. Ƙwallo na kuɓucewa zai kwarma ihu, yara su zube a kan katako, su zame, su tashi suna dariya. Uwais yakan tsaya a bakin ƙofa da makullin mota, gwiwarsa na yi masa tsami don kallo kawai.

Sai korona ta zo. Bature ya tafi ƙasarsu ganin gida, bai sake waiwayowa ba. Da aka sassauta kulle aka buɗe ɗakin wasa, ga yara sanye da takunkumi, ba mai riƙe musu usur. Uwais ya yi ta maza ya ce ya taɓa yin aikin, aka ba shi riƙon ƙwarya. Tun daga ranar tsoro ɗaya ke cin sa, kada a ce kocin ƙauye ne. Don haka ya binne dokarsa ta gida, ya fi Baturen ma zaƙewa. Kullum sai ya gangara ƙwallo a tsakiyar fili, yara biyu su yi mata sufa, shi yana gefe yana ihun "Ƙasa!" har muryarsa ta dushe. Sauran kwalejoji suka raɗa wa yaransa masu goge daɓe, darakta kuwa sunan ya yi masa daɗi ƙwarai. Shi dai Uwais ko a zafin bazara bai taɓa sa gajeren wando ba.

Da ya dawo gida a unguwar Abu Hamour daga duba filin, Bilkisu ta ajiye masa abinci, ta ga yana juya cokali kawai.

"Abban Jannat, yau kuma wa ya mutu?"

"Siminti ne," ya ce. "Filin. Kuma yaran nan ba su taɓa faɗuwa a kansa ba. Ba su ma san yana cizo ba."

"To ka gaya wa daraktan mana."

"Na kira shi. Ya ce fili fili ne, sai gobe."

"Sai ka hana su faɗuwar."

"Faɗuwar zai zo gani, Bilki. Ita kaɗai gare ni da masu takardun nan ba su da ita."

Ta dubi Jannat da ke ƙasa tana fentin tutocin ƙasashe a kan kwali. Ba ta son komawa Kaduna, shi ma ya sani. Sun sha rabuwa kafin a ba shi wannan riƙo, korona ta ritsa su shi a Doha ita a gida, yarinya ta fara tafiya yana kallo ta waya.

"Ni dai na san abu ɗaya," ta ce a hankali. "Duk safiyar sanyi ni nake gasa maka gwiwar nan. Ba na yi wa matar kowa fatan wannan aikin."

Washegari da la'asar shi ya tuƙo motar da kansa, don har yanzu ba a sallame shi daga wannan aikin ba. Tituna sun cika da tutoci da baƙi, kowa da rigar ƙasarsa. A bakin filin suka tarar da Masahudu, mutumin Zangon Kumasi mai jigilar kayan marmari a babbar kasuwa, ya ɗaura tutar Ghana a jikin motarsa, ya sauke kwalin lemo don 'yan wasa. Ɗansa Sherif shi ne gwanin ƙungiyar, kuma da ƙwallon nan yake karatu kyauta. A masallacin unguwa suka saba da Uwais, shi ne ma ya kawo masa yaron da hannunsa.

"Malam Uwais!" ya ɗaga murya ta taga. "Na rufe aiki yau saboda ku. Yaron nan amana ne a hannunka, ka sani ko?"

"Na sani, ɗan'uwa. Allah ya ba mu sa'a."

Kafin yaran su sauka ya rufe ƙofar motar, ya tsaya a tsakiyarsu. Ya ɗora ƙafa a kan kujera, ya naɗe wandonsa har cinya. Gwiwar ta fito a murɗe, ga tabon ɗinki ya ratsa ta kamar an yi wa buhu faci.

"Wannan aikin siminti ne," ya ce da Turancin da suke aiki da shi. "Katako yana barin mutum ya zame. Wannan kama mutum yake yi. Yau ba sufa. Ku bi ƙwallo da ƙafa, in ta fita ta fita."

Sherif ya yi dariya, ya mayar masa da Hausa. "Koci, ba kai ka ce wanda bai faɗi ba bai son ƙwallon ba?"

"Ni na faɗa. Yau na janye."

"Darakta fa?"

"Darakta matsalata ce, ba taka ba."

Ya ji daɗin kansa da ya faɗi haka, har ya sauka daga motar yana jin kamar an sauke masa kaya. Daɗin bai kai ko'ina ba.

Yaran da aka raba da abin da suka fi iyawa sai suka zama kamar baƙi a jikinsu. Ƙwallo za ta kuɓuce, su zabura, su tuna, su ja birki, abokan hamayya su ɗauke ta a tsaye su wuce. Darakta na zaune a kujerar roba a gefen layi. Da farko ya tafa sau ɗaya, daga baya ya harɗe ƙafa, can sai ya ciro waya. Duk lokacin da babban yatsan mutumin ya shafa fuskar wayar, Uwais sai ya ga kamar sunayen masu takardu yake dubawa. Ya rasa wanda zai kalla tsakanin fili da kujerar.

Da aka tafi hutun rabin lokaci darakta ya yafito shi da yatsa.

"Koci, ina yaran da na sani? Yau tsoron ƙasa suke yi?"

"Filin ne, ranka ya daɗe. Siminti ne."

"Su ma waɗancan a kansa suke wasa," in ji darakta, ya mayar da ido kan waya.

Uwais ya koma wurin yaransa bai canja umarni ba. Ya ƙara musu dabarun tsaro, ya ce su riƙa kusantar kwando kafin su jefa. Suka dage kuwa, Sherif na ja suna bi, suka yi ta cike ratar a hankali har ya rage maki ɗaya tsakani, lokaci kuma ya zo gargara. Masahudu ya bar lemo ya dawo bakin layi yana kaɗa tuta. 'Yan kallon unguwa, Indiyawa da Larabawa da 'yan Afirka, suka kewaye filin suna ihu. Darakta ya mayar da wayar aljihu, amma ya miƙe tsaye yana karkaɗe rigarsa, irin miƙewar wanda ya gama ganin abin da zai gani.

A daidai nan ƙwallo ta suɓuce wa ɗan wasan hamayya, ta gangara tana neman layi, Sherif na biye da ita. Uwais ya ga yaron ya rage gudu, ya ga yana bin umarni. Ya kuma hango darakta ya juya baya zai tafi.

"Ƙasa!"

Muryarsa ce. Ko sabon baki ne na shekarun nan, ko Jannat ce da kwalinta suka faɗo masa a rai, shi kansa bai sani ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Kalmar dai ta fita, kuma jikin Sherif ya san ta fiye da yadda ya san gargaɗin cikin mota. Yaron ya tashi sama ya miƙe, ya doki ƙwallon da yatsunsa zuwa ga abokinsa, ya sauka a kan kafaɗa. Bai zame ba ko taƙi ɗaya. Duk ihun da ake yi bai hana Uwais jin ƙarar ba, don ya taɓa jin irinta daga cikin jikinsa.

Ƙwallo ta shiga kwando, alƙali ya busa tashi, fili ya rikice da murna. Sherif bai tashi ba.

Uwais ne ya fara isa gare shi. Kafaɗar ta sauka daga inda Allah ya ajiye ta, fatar hannun ta saɓule tun daga gwiwar hannu, ga koren fenti a cikin naman. Hannun da yake jifa da shi ne. Yaron ya cije leɓe, ya ɗago ido ya dubi kocinsa.

Ana jiran motar asibiti darakta ya ratso mutane ya kama hannun Uwais da hannu biyu. Ya ce Allah ya ba yaron lafiya, kwaleji za ta kula da shi. Sannan ya rage murya.

"Wannan zuciyar nake nema, ba takarda ba. Khalas, an gama, koci, aikin naka ne."

Uwais ya ji bakinsa yana godiya.

Da aka ɗora Sherif a gadon ɗaukar marasa lafiya, Masahudu ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin motar, idanunsa jawur, tutar a dunƙule a hannunsa. Shi bai ji ihun da Uwais ya yi ba a cikin hayaniyar.

"Abokansa sun gaya mini ka hana su tun a mota, har ƙafarka ka nuna musu," ya ce. "Kai ka riƙe amana, Malam Uwais. Yaro ne bai ji magana ba. Ka yafe masa."

Uwais ya buɗe baki. Daga cikin motar Sherif na kallonsa, yana jira. Ma'aikacin asibiti ya ce yalla, a tafi, ya ja ƙofa ya rufe.

Mutane suka watse, yaran suka shiga mota suna jiran direbansu. Wayarsa ta yi ƙara, Bilkisu ce.

"Abban Jannat, yaya? Tun ɗazu na kasa zaune na kasa tsaye."

"An ba ni."

Ta rangaɗa guɗa, ya ji tana kiran Jannat ta zo ta ji, sun zauna, ba inda za su. Sai ta tsagaita.

"Yaran fa? Kowa lafiya?"

Yana tsaye a bakin layi, inda fentin ya goge simintin ya fito fili. Kwalin lemon Masahudu na nan a gefe, ba wanda ya taɓa shi.

"Bari in kai su tukuna," ya ce, ya sunkuya ya ɗauki kwalin.