Kwat Ɗin Baba Kafinta

"Baba, cire kwat ɗin nan mu gani."

"A kan wuyan hannu na faɗi, 'yata, ba a kan kwat ba."

Sista ta yi murmushi, amma ba ta ɗauke hannunta daga kafaɗarsa ba. Ita ke karɓar marasa lafiya a ɗakin farko na asibitin, kuma ƙa'idar ɗakin guda ce: duk wanda ya shigo, ko me ya kawo shi, sai ya hau sikeli, an auna damtsensa, an tambaye shi yadda cin abincinsa yake. Yau kuwa wanda ke kan kujerar ba baƙo ba ne. Baba Kafinta ne, maƙwabcinta, wanda ƙofarsa ke kallon tata. Shi ya haɗa mata kabad ɗin kicin, shi ya gyara teburin karatun 'ya'yanta ya ƙi karɓar ko godiya. Da safe ya faɗi a banɗaki, maza suka ɗauko shi ranga-ranga suka sa a mota, mutanen layi duk sun fito suna kallo.

Autarsa na tsaye a gefe da jakar kayansa. Malamar makaranta ce, tana aure can ƙarshen gari, sai ranar hutu take samun zuwa tun bayan rasuwar mahaifiyarta.

"Sista, ba hoton hannun kawai za a yi ba?" in ji ta. "Ya ce santsi ne ya kwashe shi."

"Za a yi. Taimaka mini mu zare masa."

Suka zare kwat ɗin. Ƙarƙashinsa akwai rigar sanyi, a wannan zafin. Ƙarƙashin rigar sanyi akwai riga, ƙarƙashinta wata rigar. Da suka kai ga fata, Auta ta ajiye jakar a ƙasa a hankali. Hannun da ya saba ɗaga katako shi kaɗai ya koma kamar sandar mofa, fatar tana lilo. Bel ɗinsa kuwa an yi masa sababbin huji da ƙusa, a jere, tsaf, aikin mai sana'a.

Sista ta naɗa tef ɗin awo a tsakiyar damtsen. Baba Kafinta ya leƙa.

"Duk rayuwata ni ke auna katako, yau ni ake aunawa. To faɗa mini, na isa ƙafar tebur?"

"Ko ta kujera ba ka kai ba, Baba. Taso ka hau sikeli."

Ya hau yana riƙe da ita. Ta dubi allurar, ta tuna mutumin da bara ya ɗauki ƙofa a kai ya ratsa layi da ita. Ta zaunar da shi, ta jawo kujera ta zauna gabansa, gwiwa da gwiwa.

"Yaushe rabonka da ka ci ka ƙoshi?"

"Ai kullum kuna kawowa."

"Muna kawowa, kwanuka suna dawowa a wanke. Ba wannan na tambaye ka ba."

Ya gyara zama.

"Kin lura da mai facin tayar nan na bakin titi? Kin ga yadda wuyansa ya ciko kwanan nan?"

Dariya ta kufce wa Auta, kafin ta gama kuma ta koma kuka. Shi bai dube ta ba. Ya ɗora yatsa a tsakiyar ƙirjinsa.

"Nan yake tsayawa. Da fari nama ne, daga baya shinkafa, yanzu ko burodi sai na jiƙa shi ya zama ruwa."

"Me ya hana ka faɗa, Baba?" in ji Auta.

"Mutum ya kawo miki abinci da hannu biyu, ki ce masa ba ya wucewa? Kuma ke ga ɗawainiyar gidanki."

Sista ba ta tsaya jimami ba. Ta san wannan aikin, kuma ta san jiri ne ya kayar da shi, ba santsi ba. Ta leƙa ɗakin likita ta faɗa masa abin da ta gani. Likita ya zo ya danna cikin tsohon, ya ja fatar idonsa ƙasa, ya ce hannun za a ɗaure, amma batun komawa gida yau babu shi. Kafin la'asar jami'ar abincin marasa lafiya ta iso gefen gadonsa da ƙaramin kofi.

Auta ta so ta cika ɗakin da kuloli. Jami'ar ta hana ta.

"Cikin da ya daɗe babu komai, ba a auka masa abinci lokaci guda. Zuciya ba ta ɗauka. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa."

Bayan kwanaki aka zura masa na'ura mai kyamara ta maƙogwaro. Ƙari ne a hanyar abinci, irin mugun, kuma ya riga ya yaɗu zuwa hanta. Likita ya faɗa musu a fili, a gaban mai ciwon, domin shi ya nemi haka. Ba zancen tiyata. Abin da ya rage shi ne a sa masa siririn tiyo ta hanci ya wuce wurin da ya toshe, a riƙa ba shi abinci ta nan.

"A'a," in ji Baba Kafinta. "Ni ba mota ba ne da za a riƙa ɗura mini mai."

Auta ta roƙa, ya juya wa bango fuska. Da Sista ta tashi aiki, ta biyo ta ɗakin da jakarta a kafaɗa, ta zauna a bakin gadon.

"Idan kin zo lallashi ne, Auta ta riga ki."

"Ban zo lallashi ba. Tiyon nan ba zai warkar da kai ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma zai tsayar da kai a kan ƙafarka. Me kake so, Baba? Shi na zo ji."

Ya daɗe yana kallon fankar da ke juyawa a sama.

"Ɗauko ni aka yi daga layin nan kamar buhu, yara na kallo. Ina so in koma da ƙafata. Daga bakin titi har ƙofata, ba wanda ya riƙe ni."

"Wannan zan iya ba ka."

"Kin tabbata?"

"Ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Kai dai ka bar mu mu yi aikinmu, yadda muke barin ka da naka."

Ya yarda. Ranar da aka sa tiyon ya yi ta tsaki, ya ce da ya san haka ne da ya ci gaba da kiwon mai faci. Amma aikin ya yi. Sannu a hankali idonsa ya washe, muryarsa ta dawo. Ya fara zama da kansa, ya fara takawa zuwa taga, daga nan zuwa ƙarshen baranda. Duk safiyar da za a auna shi sai ya riga kowa isa wurin sikelin, yana tsokanar ma'aikatan jinya wai su daina danne shi da ƙafa. Har ya sa aka kawo masa sukurdireba ya ɗaure ƙofar lokar maƙwabcin gadonsa, don ƙararta ta dame shi.

Ranar sallama, mota ta sauke su a bakin titi kamar yadda ya ce. Ya fito da riga guda a jikinsa, tiyon an manne shi a kunci da filasta. Mai faci ya saki guduma ya miƙe.

"Baba, sannu da dawowa."

"Yauwa. Ka ga ka fara ramewa."

Ya kama hanya. Auta na dama, Sista na hagu, hannuwansu a shirye, amma ba wadda ta taɓa shi. Ya tsaya wajen mai shago ya huta kamar ciniki zai yi, ya tsaya wajen tela ya ce masa bencinsa ya karkace. Mata suka leƙo ta ƙofofi suna yi masa barka. Da ya dafa ƙofarsa gumi ya jiƙa masa riga, ya juyo ya dubi Sista.

"Kin cika alkawari."

Daga ranar tsarin layin ya sake. Sista ta tara matan ta ce an daina aiko kwano a juya. Ita da Auta ke kula da abincin tiyo. Sauran, duk mai so ta kawo ɗan romo ko madara, ta zauna ya ɗanɗana a gabanta, cokali ɗaya ko biyu, don bakinsa kada ya manta. Ɗakin da ya yi shiru tun rasuwar matarsa ya koma wurin hira. Yakan zauna a ƙofa da hantsi, masu wucewa na tsayawa, yana yanke hukunci a kan ƙofofin mutane da kujerunsu. Haka ya yi 'yan makonni masu kyau.

Sannan ciwon ya karɓi abinsa. Ƙafafu suka kumbura, idanu suka yi ɗorawa, barci ya fi farkawa yawa. Auta ta ce ko a mayar da shi asibiti. Ya girgiza kai. Sista ta yi magana da likita, aka ba shi maganin rage zafi a gida.

Wata ranar hutu da azahar Auta ta ƙwanƙwasa wa Sista ƙofa. Tana ganin fuskarta ta bi ta. Yana kwance rigingine, taga a buɗe, numfashin yana zuwa yana tsayawa. Auta ta ɗauki kofin madara ta jiƙa masa leɓe da bayan cokali. Ya buɗe ido ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ya isa, Auta," ya ce. "Na ƙoshi."

Auta ta riƙe hannunsa tana yi masa addu'a a kunne, leɓensa na motsi tare da nata. Can ya ja numfashi ya sauke, bai sake ja ba. Sista ta dafa wuyansa, ta jira, sannan ta shafa idanunsa ta rufe. Ta ɓanɓare filastar a hankali, ta zare tiyon, ta goge masa fuska da tsumma mai laima.

"Ya tafi, ƙanwata. Allah ya jiƙansa."

Auta na zaune da cokalin a hannu, ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Sista ta karɓa, ta haɗa da kofin ta fita tsakar gida. Ta buɗe famfo kaɗan tana wankewa. Labari ya riga ya zaga layi. Daga inda take durƙushe tana hango bakin ƙofar ɗakin, mata na shigowa ɗaya-ɗaya, takalmansu na ta jeruwa a jikin bango.