Kumfar da Idirisu Ya Kawo

Kwana uku da haihuwa, 'yata Fauziya ta hana jaririnta nono. Na shigo da ruwan wankan jego ke nan, ta dube ni ta ce, "Inna, ba zan ba shi ba. A sayo madarar gwangwani."

Na dire bokitin na ce, "Ke, boko ne ya taɓa miki kai? Kaf unguwar New Bell wa kika ga ta hana ɗanta nono tana da lafiyarta?"

Takardar asibiti ta zaro daga ƙarƙashin matashi, kuma tun kafin ta warware ta na gane ta.

Mijina Idirisu, Allah ya jiƙansa, shekara ashirin ya yi yana dako a wani kamfanin ajiyar mai kusa da tashar jiragen ruwa. Lokaci-lokaci 'yan kwana-kwanan kamfanin kan yi gwajin kashe gobara da wani ruwa mai kumfa, su watsar da jarkokin da ɗan saura a ciki. Shi kuwa Idirisu ba ya ganin abu a ƙasa ya wuce. Don jarkokin ya kawo su gida, mu riƙa tara ruwa. Ranar da na ɗauraye ta farko, kumfa ta taso min har gwiwar hannu. Na ce kai, ashe sabulu suke zubarwa, mu muna nan muna sayen garin wanki a kasuwar Marché Congo!

Da shi na yi wanki, da shi na wanke tabarmi da tukwane. Ni ba marowaciya ba ce, sai na riƙa ɗura wa maƙwabta a kwalabe, suna ta sa min albarka. Ruwan wankin kuma a kusurwar tsakar gida nake malala shi, taku uku daga rijiya. Ruwan ƙasa a nan Douala kuwa ba nisa gare shi ba, ka yi tono kaɗan ka same shi. Haka muka yi shekara goma sha biyar.

Bara, Hafsa, ƙawar Fauziya tun makaranta, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ta zo ta ɗebi ruwan rijiyar unguwa da jinin duk wanda ya yarda. Da sakamako ya fito ta zauna a kan wannan tabarmar ta ce, "Inna, sinadarin da ke cikin kumfar nan ya shiga rijiyar, ya shiga jininku. An yi shi ne don kada wuta ta ci shi. To ƙasa ma ba ta cinsa, tafasa ruwa ba ta kashe shi. Idan ya shiga jiki, shekaru yake yi." Na tambaye ta ko shi ya kashe ƙodar Idirisu. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba. Wallahi da ta ce min e da ya fi min sauƙi.

Muka toshe rijiyar da siminti. Amma har yau, in aka yi ruwan sama na ga kumfa a kwata, sai in tsaya ina kallonta kamar wani na sani ne ya dawo.

Abu ɗaya ya sanyaya min rai a takardar sakamakon: duk gidan, sinadarin da ke jinina ne mafi ƙanƙanta. Ni da hannuna ke jiƙe cikin kumfar kullum! Har na yi ta cika baki ina cewa jinin mutanen da daban yake. Na Fauziya ne ya fi yawa a cikin 'ya'yana, na ɗauka tsautsayi ne kawai.

Yanzu ga ta ta ɗora yatsa a kan sunana. "Inna, kin san abin da ya sa naki ya yi ƙasa? Mu nawa kika shayar?"

Na ce, "Ku shida. Da Salman ɗan maƙwabciyarmu Bara'atu, lokacin da ta kwanta ciwo."

"Ta nono yake fita. Hafsa ta sani tun ranar, kunyarki ta ji. Ni ce ta fari, ni na fi sha."

Innalillahi. Na zauna a bakin gado. Shekara bibbiyu na ba kowannensu, ban taɓa ragewa ba, har gori nake wa matan da ke yaye da wuri. Ashe wanke kaina nake yi a cikin 'ya'yana, har da ɗan mutane da aka ba ni amana. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Na sa aka kira min Hafsa a waya. Ta ce ta riga ta yi magana da likitar yara: a ba shi nono, amfaninsa ya rinjayi illarsa, kuma madarar ma da ruwa ake haɗa ta. Fauziya ta ce, "Je sais, na sani, sau goma ta faɗa min." Amma hannunta bai motsa ba. Yaron ya yi kuka har muryarsa ta dushe, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, ita ma tana hawaye.

Na ɗauke shi na miƙa mata. Ta riƙe wuyan hannuna ta ce, "Inna, tsakaninki da Allah. Da kin sani, da kin ba ni?"

Na ce, "Da na ba ki."

Ta yi bisimilla ta ɗora shi. Ya cafka, ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai haɗiyarsa. Na tallafe ƙeyarsa da hannuna har ya ƙoshi. Ko gaskiya na faɗa mata ko ƙarya, har gobe ban sani ba.