Notin Ƙafar Gaba

Bakaniken nan yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya karyawa. In ya canza robobin ƙafar mota, ba ya ɗaure noti tana sama kan jak. Sai ya sauke ta, nauyinta ya zauna kan tayoyi, sannan ya shiga rami ya ɗaure tamau, don kada robar ta murɗe ta yage.

Haka ya yi wa tsohuwar motar gidansa. Ya ɗana notocin da yatsa kawai, ya sauke ta, ya leƙa maƙwabta karɓo dogon sifanansa. Ya dawo, rami na nan, ba mota.

"Ina motar?" ya tambayi mai waldan da suke gareji ɗaya.

"'Yarka Auta ta ɗauka. Ta gan ta a ƙasa, ta ce ai an gama. Jikanka za ta kai allura."

Ya kira wayarta, tana ta ringin ba a ɗauka. Ina za ta ɗauka? Shi da bakinsa ya hana ta taɓa waya tana tuƙi.

Ya fizgi babur ɗin mai walda, sifana soke a ƙugu. Layin duk ramuka ne, kowane ya faɗa sai ya ji kamar notin ne ke kwancewa. Gaba kuma gangaren babban titi, inda manyan motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba.

Can ya hango ta dab da gangaren, tana tafiyar hawainiyar nan da kullum yake yi mata tsiya a kai, masu hon suna ta zaginta. Ya sha gabanta yana ihu, ta taka birki.

Ya kwanta kan kwalta, ya zura hannu ƙarƙashin ƙafar gaba. Yana taɓa notin, ya faɗo a tafin hannunsa.

"Baba, lafiya?" Auta ta leƙo, yaron na barci a kujerar baya. "Na sani, za ka ce ban iya gudu ba."

Ya damƙe notin a hannunsa.

"Auta," ya ce, "kada ki taɓa koyo."