Mai Fitar da Khairunnisa Daga Rumbun Laburare

Khairunnisa akawu ce a ofishin wata ƙungiyar manoma da makiyaya a Mashi. Ranakun Juma'a da Asabar kuma ɗaliba ce a wata kwaleji a Daura, inda take karatun akanta na ma'aikata. Ta cinye duk jarrabawowinta, furojet, wato binciken kammala karatu, kawai ya rage, kuma shi ne ya tsaya mata a maƙoshi.

Batun da ta zaɓa shi ne yadda ya kamata ƙungiya irin tasu ta shigar da shanun turke da gonakin itatuwa cikin rahoton lissafinta na shekara. Malamin da ke duba aikin, Dakta Badaru, ya dawo mata da babi na biyu har sau biyu. Karon ƙarshe ko zama bai bari ta yi ba.

"Ba na son abin da kika tsinto a waya," in ji shi. "Akwai ƙa'idar duniya ta lissafin noma da kiwo, mai lamba arba'in da ɗaya. Makaranta tana da rumbun bayanai na intanet a laburare. Ki shiga ki karanta ainihin ƙa'idar, ki kawo mini abin da masana suka rubuta a kanta. Mako mai zuwa nake so, in ba haka ba sai baɗi."

Saboda haka ranar Asabar ta yi sammako, ta bar 'yarta wajen yayarta Zaituna, ta hau mota zuwa Daura. Sai da ta jira a baranda kafin Malam Hafizu, mai kula da ɗakin kwamfutoci na laburare, ya iso a kan babur. Da aka buɗe, babu wuta. Da aka mayar kan sola, sabis ya ƙi kamawa. Malam Hafizu ya zare wata waya ya hura mata iska, ya mayar, ya ce ta yi haƙuri. Sai wajen hantsi shafin ya buɗe.

Shi ya zauna ya buga mata suna da kalmar sirri, yana kare allon da kafaɗarsa.

"To, Malama, ga ki a ciki. Ki rubuta abin da kike nema a wannan akwatin."

Ta rubuta kalmar dabbobi da Turanci. Sakamako ya fito dubbai, daga cutar huhun shanu har abincin kaji. Ta yi tsaki, ta goge, ta sa lambar ƙa'idar. Wannan karon abin ya yi kyau. Ga ƙa'idar nan a sama, ga maƙalu jere a ƙarƙashinta. Ta ce alhamdu lillahi, ta danna ta farko, ta fara karanta sakin layi na biyu.

Sai allon ya yi fari. Wani rubutu ya fito yana cewa an shiga da wannan sunan a wani wuri, don haka an fitar da ita.

"Malam Hafizu, zo ka gani."

Ya zo ya leƙa, ya sosa ƙeya. Ya ce ai rajistar da makaranta ta yi ta mutum ɗaya ce a lokaci guda. In wani ya shiga, na ciki ya fita.

"To wa ya shiga? Ni kaɗai ce a ɗakin nan."

"Allah masani. Malamai da yawa suna da kalmar. Wasu ma daga gida suke shiga."

Ya sake buga mata. Ta koma, ta sake neman ƙa'idar daga farko, domin rumbun bai riƙe inda ta tsaya ba. Ta danna a sauke mata takardar. Layin saukewa ya fara tafiya a hankali, ya kai rabi, ya ɗan wuce. Allon ya sake yin fari.

Haka aka yi ta yi. Ta shiga, a fitar da ita. Ta koma, wanda ke can ya fita, jim kaɗan ya dawo ya ture ta. Malam Hafizu ya gaji da tasowa, ya duba hagu da dama, ya raɗa mata kalmar sirrin, ya ce don Allah kada ta gaya wa kowa. Ta ce masa ai da alama ita kaɗai ce a masarautar Daura da ba ta san ta ba.

Zaituna ta bugo waya ta ce yarinya ta ƙi shan kunu. Khairunnisa ta ce a ba ta shayi, ta kashe. Gumi yana bin bayanta, fanka ba ta juyawa saboda solar ba za ta ɗauka ba. Ta lura a gefen shafin akwai wurin ajiye maƙalu, kuma duk wanda ya shiga da sunan makaranta yana ganinsa. Wancan mutumin ya tara nasa a ciki, duk a kan haraji. Ta buɗe sabuwar ma'ajiya, a wurin sa suna ta rubuta da manyan baƙaƙe: KAI MAI FITAR DA MUTANE KA JI TSORON ALLAH, WASU DAGA NESA SUKA ZO.

Aka fitar da ita. Da ta koma, ta ga an goge saƙon. Ta sake rubutawa, ta ƙara da cewa son kai ba hali ba ne.

Bayan an idar da sallar azahar ta dawo daga masallacin mata ta zauna, ta shiga, sai ga ƙofa an banko ta. Dakta Badaru ne, hularsa ta karkace, kwamfutarsa a buɗe a hannu.

"Hafizu! Wane marar kunya ne ka ba kalmar nan? Tun safe ina ofis ina aikin da zan kai taro Katsina, ana ta korata, har da rubuta mini wa'azi!"

Malam Hafizu ya miƙe tsaye, idonsa ya kai kan kwamfuta ɗaya tilo da ke kunne. Dakta ya bi idon. Saƙon yana nan a allon Khairunnisa da manyan baƙaƙensa.

Ta tashi ta gyara mayafi. Ta so ta ji kunya, amma haushi ya fi yawa.

"Ranka ya daɗe, ban san kai ne ba. Amma kai ka ce in zo in shiga, kuma kai ka ce mako mai zuwa."

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe."

Ya tsaya yana kallon allon. Ta ɗauka zai ba da haƙuri, ko kuma ya yi faɗa. Bai yi ko ɗaya ba. Ya rufe kwamfutarsa, ya ce wa Malam Hafizu wannan tsari ba tsari ba ne, kuma zai ɗaga maganar a taron malamai. Sannan ya juyo ya ce ya bar mata rumbun zuwa la'asar, daga nan nasa ne.

"Kuma ki goge wannan abin."

Ta goge. Takardar ta sauka lami lafiya, ta kwafe ta a filash da kuma wayarta tare da maƙalu masu yawa. Sai da ta nutsu tana karantawa ta gano wata sabuwar matsala. An daɗe da yi wa ƙa'idar gyara. Shanu suna nan inda ta sa ran samunsu, ana kimanta su da darajarsu ta kasuwa bayan an cire abin da sayarwa za ta ci. Amma itatuwan da ake shukawa don 'ya'yansu, irin mangwaro da dabino, an fitar da su an mayar ƙarƙashin wata ƙa'idar, ta gine-gine da injuna. Rabin babinta na biyu a kan itatuwan yake, kuma ta gina shi ne a kan takardun darasin da Dakta Badaru ya raba musu a aji, waɗanda ba su san da gyaran ba.

Ta same shi a ofis kafin la'asar, ta nuna masa a wayarta. Ya karanta, ya gyara tabarau, ya sake karantawa.

"Yawwa. Kin ga amfanin abin da na ce ki yi ke nan. Sai ki sake babin gaba ɗaya, ki haɗa da ɗaya ƙa'idar."

"Ranka ya daɗe, ɗayar ban sauke ta ba. Ko zan koma yanzu?"

Ya dubi agogo. Ya ce lokacinta ya kusa cika, ta dawo Asabar mai zuwa, zai ƙara mata mako guda.

Ta fito ta tsaya a ƙarƙashin wata bishiyar bedi, ta tare ɗan acaɓa zuwa tasha. Da ta isa gida Zaituna ta tambaye ta ko an dace, ta ce an dace, a miƙo mata ruwa kawai.

Ta koma Asabar ɗin, da wadda ta biyo bayanta. Ta sake babin, aka karɓa. Ranar da za ta kare furojet ɗin a gaban malamai, wani malami baƙo da aka gayyato daga wata makaranta ya yaba da yadda ta kawo gyaran da aka yi wa ƙa'idar, ya ce ɗalibai da yawa har yanzu tsohuwar suke kwafa. Dakta Badaru ya jingina da kujera, ya ce shi ɗalibansa ba ya wasa da su, da hannunsa yake kai su laburare ya koya musu shiga rumbun.

Baƙon ya juyo ya tambaye ta ko haka ne.

Khairunnisa ta dubi Dakta, ta dubi takardar makin da ke gaban baƙon, ba a riga an cike ta ba.

"Mun haɗu a laburare, ranka ya daɗe," in ji ta.

Aka ce ta fita a kira ɗalibi na gaba.