Ranar da Habi Ta Kira Ɗanta na Fari

A wani ƙauye kusa da Birnin Lalle, a ƙasar da yau ake kira Dakoro, an yi wata tsohuwa mai suna Habi wadda ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a wancan zamanin, tun kafin Bature ya taka ƙasar. Mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta haɗa ido da shi a gaban mutane. Sai dai ita Habi ta ɗauki abin ta kai shi inda ko kakanninta ba su kai ba. Ran suna aka ce Sa'adu. Da aka yaye shi, yayar mijinta ta ɗauke shi zuwa gidanta a ƙarshen gari, mutane suka riƙa ce masa Ɗangoggo, sunan ya bi shi har ya fara furfura. A bakin Habi kuwa shi ne "wancan". In ya zo gaisuwa sai ta juya fuska wajen danga, ta amsa wa dangar. Matan gari suna yabonta, suna cewa a yi koyi da Habi, ita kuma, a faɗi gaskiya, yabon yana yi mata daɗi.

Wata shekara bayan an gama kaka, an cika rumbuna, Ɗangoggo ya ce zai tafi Makka. A lokacin a ƙasa ake zuwa, a bi ta Damagaram da Borno, a tsaya wani gari a yi noma ko ƙwadago, a ƙara gaba. Wanda ya dawo da wuri shi ne wanda ya tarar da jaririn da ya bari yana kiwon awaki. Wasu ba a sake jin ɗuriyarsu. Mijin Habi ya rasu, goggon da ta riƙe yaron ma ta rasu, Habi kanta sai da sanda take zagaya gida. Ba wanda ya faɗa mata, amma ta san in ya tafi ba za ta sake ganinsa ba.

Ta sa aka fitar mata da gero mai kyau, ta zauna tana surfe da kanta, tana haki, ta hana kowa taɓa mata taɓarya. A haka Lalla ta same ta ana gobe tafiya. Lalla Buzuwa ce, mutanenta sun daɗe da zama a gefen gari, kuma tun suna amare take tsokanar Habi ba ta gaji ba. Ta ajiye cukun da ta kawo, ta leƙa turmi.

"Wanga guzuri na mutum guda ne, ko ayari za ki ciyar?"

"Na mai tahiya ne."

"Wane mai tahiya? Ba shi da suna?"

"Kin san shi."

"Ni kam na san shi. Ke nika tambaya."

Habi ta harare ta. "Ku Buzaye ba ku san kunya ba."

"Mu? Mazanmu har bakinsu suke ruhewa." Lalla ta yi dariya, ta zauna a kan tabarma. Can dariyar ta ɗauke, ta ce, "Kin tuna Rhissa?"

Habi ta tuna. Ɗan Lalla ne, ya bi ayarin gishiri tun da daɗewa, zazzaɓi ya kashe shi a hanya.

"Ranar da zai tahi hushi nike da shi," in ji Lalla. "Ya saida mini akuya bai tambaye ni ba. Ya zo bakin bukka shina sallama, na ji shi sarai, na yi shiru don shi ji a jikinshi. Na ce in ya dawo mu shirya. Akuya, Habi. Yau ko launinta ban iya tunawa."

"Ba ki taɓa hwaɗa mini ba."

"Mi zan hwaɗa? Shekaru na yi ina hita bakin bukka da sahe ina ce mashi Allah kiyaye hanya, ba mai ji. Abin bai kashe ni ba. Kamar ciwon gwiwa ne, na koyi tahiya da shi, in na tuna sai in yi mashi addu'a in ci gaba da aikina. Amma ni ban sani ba ne. Ke kin sani."

Habi ta ɗauki taɓarya ta ci gaba da daka. Ta ce ita ba fushi take yi da kowa ba, haka ta taso ta ga ana yi, ita ma ƴar fari ce, uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba. Lalla ta ce, "To, ya yi miki daɗi?" Sannan ta tattara ƙwaryarta ta tafi.

Washegari da hantsi Ɗangoggo ya gama zagaya dangi yana neman gafara, ya zo gidan uwarsa. Tsakar gida cike da mata. Ya durƙusa nesa kaɗan, kamar yadda ya saba, ƙaton mutum mai jikoki yana kallon ƙasa. Habi ta juya wajen danga.

"Inna, zan tahi. Ki gahwarta mini abin da na yi miki, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Habi ta dubi autarta A'ishatu, wadda ke tsaye kusa. "Ce mashi na yahe, duniya da lahira. Ce mashi ga guzuri nan."

A'ishatu ta maimaita, ko da yake ya ji da kunnensa. Ya ce ya gode. Bai tashi nan da nan ba. Ya ɗan jima a durƙushe kamar mai jiran sauran magana, sannan ya miƙe, ya ɗauki buhun guzurin ya fita.

Mata suka shiga abin da suka saba. Wata ta ce ita ba ta taɓa ganin mai kara irin Habi ba, wata ta ce ko hawaye ba ta yi ba. Habi tana jin su. Maganganun da ta yi shekara da shekaru tana jin daɗinsu, yau ba su yi mata daɗi ba. Ta ga kanta gobe da jibi a bakin dangar nan tana magana ba mai ji, kuma tsoro ya kama ta sosai. Ta lalubo sandarta ta miƙe.

"Inna, ina za ki?" in ji A'ishatu.

"Rijiya."

Ba ta ɗauki tulu ba, kuma rabonta da rijiya tun kafin ƙafarta ta lalace. Rijiyar tana gabas da gari, a nan matafiya ke cika salkunan ruwa kafin su kama hanya. Rairayi yana riƙe mata sanda, ta tsaya ta huta, ta sake tsayawa, tana tsoron kada ta tarar sun wuce. Da ta iso, an gama ɗaure wa jakuna kaya. Maza sun taru, dattawa da limami da ƴan rakiya. Ɗanta ya ba ta baya, yana jan gugan ƙarshe.

Ta tsaya a bayansa. Ta buɗe baki ta kira.

"Sa'adu."

Bai juyo ba. Ba wanda ya kira shi haka tun yana makarantar allo, bai ɗauka da shi ake ba. Dattawa dai sun ji, wasu suka kau da kai don su rage mata kunya.

"Sa'adu, da kai nike."

Igiyar ta tsaya a hannunsa. Ya juyo a hankali, ya ga tsohuwar tana haki, ta dogara da sanda, tana kallonsa ido cikin ido. Ya saki guga ya koma cikin rijiya. Ya zo ya durƙusa, wannan karon daf da ita. Habi ta ɗora hannu a kansa, hularsa ta zame. Rabonta da taɓa kan nan tun maɗiga tana motsi, yanzu ga furfura a ƙarƙashin yatsunta.

"Ban taɓa ƙin ka ba," ta ce. "Ranar da goggonka ta ɗauke ka, bayan rumbu na ɓuya na yi kuka har yamma. Duk cikin ɗiyana ba wanda nike so kamar kai. Na daɗe ban hwaɗa ba, kuma na yi da-na-sani."

Ya fashe da kuka. Da ƙyar ya ce, "Ba ki makara ba, Inna. Ga ni nan."

Jagoran matafiya ya dubi rana, ya dubi su biyun, ya koma gindin aduwa ya zauna. Sauran ma suka zazzauna.

Sa'adu ya share fuska da hannun riga. Ya ɗago kai, ya ce, "Inna, ki ƙara hwaɗi. Tahiyar da nisa."

Habi ta riƙe fuskarsa da hannu biyu, sandar ta faɗi ƙasa. A gaban dattawan gari duka ta sake kiran sunan, da ƙarfi yadda zai ji da kyau.