Mai Shan Jini a Ɗakin Shamsiya

Tun ranar da babur ɗin Sayibu ya zame a hanyar Kasalgu, matarsa da ya goyo ta faɗi ba ta ƙara tashi ba, 'yarsu Shamsiya ta kulle baki. Gaisuwa ma da ka take yi. Kullum tana gaban talabijin tana buga wani wasan bidiyo na masu shan jini. Ga ƙanwar marigayiyar ta aiko daga Kumasi, ranar Asabar za ta tafi da yarinyar, sai fa in Shamsiya da bakinta ta ce zama za ta yi.

Sayibu mai doya ne, daga nesa yake gane wadda ta ruɓe a ciki, amma cikin 'yarsa ya gagare shi. Tsoro ya kama shi. Ranar Alhamis bayan la'asar ya shiga ɗakin, ya ɗosana a bakin katifa kamar baƙo.

"Wannan mai haƙora, shi ne mugu?"

Sai ga baki ya buɗe.

"A'a, Baba. A gem na farko shi ke kashe masu shan jini. A na biyu sun cije shi, jikokinsa ke farautarsa."

"To wannan na uku ne?"

"Na huɗu. Amma labarinsa kafin na farko ne."

Ikon Allah! Kan Sayibu ya ɗaure tamau. Mutum ya mutu a nan, can yana cin sarauta, can kuma ba a ma haife shi ba. Ya dinga gyaɗa kai kamar ƙadangare, bai gane komai ba, shi dai kada muryar nan ta yanke.

A allon, mai haƙoran ya ruga bisa wata gada, wata mace na tsaye a tsakiya. Gadar ta karye, macen ta tafi. Shamsiya ta danna, aka dawo farko. Gadar ta sake karyewa.

"Ya koma baya don ya ceci matarsa," ta ce. "Duk hanya da ya bi, sai gada ya karye. Masu gem sun rubuta shi haka, ba ya canja kwata-kwata."

"In an rubuta, me ya sa kike ta maimaitawa?"

Ta juyo ta dube shi, karo na farko tun bayan jana'iza, ta ɗora masa abin dannawar a cinya.

"Gwada, Baba. Idan kai ma ba ka iya ba, na san ba wanda ya iya."

Ya riƙe abin a juye, bai san ina ake dannawa ba. Ta matso, ta gyara masa yatsu. Gadar ta karye.

"Sake," ta ce, tana kuka. "Ran Asabar ma za mu sake."